Kafin nutso a teku: me ya sa alamar IP68 ta waya ba ta isa ba?

Hotunan kifaye masu launi daga Sharm el-Sheikh da Dahab na ƙasar Masar sun cika TikTok da Instagram, kuma matasa da yawa na sha'awar ɗaukar irinsu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗauka cewa duk na'urar da aka ce ba ta jin ruwa za ta iya shiga ƙarƙashin teku.

Alamar IP68 ta iPhone 15 tana nufin zurfin mita 6 na minti 30, a gwajin da aka yi cikin ruwa mai tsabta. Mai takardar shaidar farko ta PADI kuwa yana sauka har mita 18 cikin ruwan gishiri, kuma duk mita 10 nauyin ruwa na ƙaruwa daidai da nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Don haka waya na buƙatar gida na musamman, kamar SeaLife SportDiver da ke jure mita 40. Ana zuƙe iskar cikinsa kafin a shiga ruwa, don a tabbatar ba ya yoyo.

Na'urar da ta fi muhimmanci ita ce kwamfutar nutso. Tana lissafa zurfi da lokaci da yawan naitirojin da jiki ya sha, ta kuma gargaɗi mai nutso idan yana hawowa da sauri, domin hakan na iya haddasa shanyewar jiki ko mutuwa. Apple Watch Ultra da ya fito a 2022 yana yin wannan aiki har mita 40 da manhajar Oceanic+, haka ma agogunan Garmin Descent. Agogon motsa jiki na yau da kullum ba ya yi.

Sauran kaya ana zaɓarsu ne gwargwadon ruwan da za a je. Rigar nutso mai kaurin milimita 3 ta wadatar a ruwa mai ɗumi, amma a arewacin Bahar Maliya lokacin sanyi an fi son mai milimita 5 ko fiye. Gilashin fuska kuma ana manna shi ba tare da ɗaura igiya ba, a ja numfashi ta hanci. Idan ya tsaya da kansa, ya dace. Tukunyar iska da dalmar ƙara nauyi, haya ake ɗauka a can, sai dai a tambayi irin bakin tukunyar, DIN ne ko yoke.

Duk sabon kaya a fara gwada shi a wurin ninkaya kafin tafiya, a kuma sa batiran lithium na ajiya a jakar hannu. Ƙungiyar DAN na ba da shawarar a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, ko awa 18 bayan nutso da yawa, kafin a hau jirgin sama. Tun wajen sayen tikitin dawowa ya kamata a yi wannan lissafin.