Sassarfa Bayan Dogon Gudu: Yadda Tsoka Ke Farfaɗowa

Gudun ya-da-ƙanin-wani, wato maraton, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Duk wanda ya kammala shi yakan wayi gari da tsamin jiki, har saukowa daga matakala ta zama aiki. Bayan kwana huɗu ko biyar sai tsamin ya lafa, mai gudu ya ɗauka ya warke, ya koma atisaye mai tsanani. A nan ne da yawa kan gamu da rauni, domin lafawar ciwo daban, warkewar tsoka daban.

An daɗe ana ɗora laifin tsamin jiki a kan sinadarin laktik asid. Bincike ya nuna cewa wannan sinadari yakan ragu a cikin jini cikin kamar awa guda bayan tsayawa. Ainihin musabbabin shi ne ƙananan yage-yage a zaruruwan tsoka, waɗanda kan auku duk lokacin da ƙafa ta dira ƙasa, tsokar cinya ta tokare nauyin jiki tana miƙewa. Kumburi kan biyo baya, shi ya sa ciwon kan fi tsanani tsakanin awa 24 zuwa 72. Haka nan kuma gilaikojin, wato sukarin da tsoka da hanta ke taskancewa, yakan kusa ƙarewa.

A shekarar 1985 wasu masana a Amurka sun buga sakamakon nazarin da suka yi a kan ƙananan yankuna na tsokar sha-raɓar masu wannan gudu, ta amfani da na'urar girmama ƙananan abubuwa. Sun ga ɓarna a fili a kwanakin farko, sannan sun tarar da alamun gyara har mako 8 zuwa 12 bayan gasar. Ma'ana, aikin ɗinki yana ci gaba a ɓoye bayan ciwo ya gushe.

Saboda haka masu horarwa kan raba komawa fage gida uku. A makon farko, hutu ne da tattaki, da isasshen barci, da abinci mai sitaci kamar shinkafa da dankali don cika taskar gilaikojin, da mai gina jiki kamar wake, ƙwai da kifi. A mako na biyu sai sassarfa ta minti 20 zuwa 30, a hankali yadda mutum zai iya hira ba tare da haki ba. Sassarfa ba ta ɗinke tsoka da kanta. Amfaninta shi ne kiyaye ƙarfin zuciya da sabon jijiyoyi ba tare da ƙara ɓarna ba. Daga mako na uku ko na huɗu ake shigo da gajerun zabura na kimanin mita 100, tare da hutu a tsakani, don tunatar da jijiyoyin laka yadda ake umurtar tsoka da hanzari.

Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya kammala gudun Berlin na 2022 cikin awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9, a shekarun ganiyarsa bai cika wuce gasa biyu a shekara ba, kuma yakan huta na makonni bayan kowace.

Ciwon da ya tsaya wuri guda a kan ƙashi, ko fitsari mai duhu kamar shayi, alamu ne na a dakata a ga likita. Ga sauran masu gudu kuwa, Hausawa sun riga sun faɗa: sauri kan haifi nawa.