TSINKEN TANGSTIN SHI NE RAN WALDAR AGON

Duk wanda ya san Jos ya san ta da kuza. Amma a cikin duwatsun da ake haƙar kuza, daga ƙasar Jos har Ririwai ta Jihar Kano, ana samun wani ma'adini da ake fitar da ƙarfen tangstin daga cikinsa. Wannan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 3,422, shi ya sa da shi ake yin tsinken waldar agon, wadda Russell Meredith ya ƙago a Amurka a 1941 domin ƙera jiragen sama.

Yaran da suka koyi walda a Dilimi ko Farin Gada sun saba da tsinken da ke cinyewa. Na agon ba haka yake ba. Shi wuta kawai yake kaiwa, iskar agon tana kare aikin, ɗaya hannun kuma yana miƙa wayar ciko.

To, a nan ne ɗan koyo yake yin asara. Da zarar bakin tsinken ya taɓa narkakken ƙarfe, ya ƙazantu ke nan, wuta ta riƙa yawo, ɗinki ya ɓaci. Sai a tsaya a sake wasa shi. Wajen wasawa, a bi tsawonsa, kada a gitta shi a kan dutsen. Mai koren gindi na alminiyam ne. Mai jan gindi na ƙarfe ne, amma ƙurarsa tana da illa ga huhu, sai a rufe hanci.

Wajen riƙo kuwa, a karkata hannun walda kaɗan, kamar digiri 15, a bar tazarar da ba ta wuce milimita 3 ba. A riƙa tsoma wayar a gaban narkakken ƙarfen. In an kashe wuta, kada a ɗaga hannu sai iskar ta gama sanyaya wurin.

Kamfanonin mai da na abin sha a Ikko, Warri da Fatakwal suna gwada hannun mutum kafin su ɗauke shi. Saboda haka ya kamata 'yan'uwa mazauna Kudu masu tura yara koyon sana'a su nemi bayani a ofisoshin hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971, hedkwatarta kuma tana Jos. Allah Ya sa albarka a sana'a.