Ɗumamen Baba da Moɗar Randa

A ƙasashen Turai, inda ake ajiye tsofaffi a gidajen kulawa, jami'an lafiya kan shiga ɗakin girki su auna har zafin abinci. Mu a Kankiya da Kusada tsohonmu na gida, 'yarsa ko surukarsa ce ke dafa masa, kuma babu duba-garin da zai leƙa madafinta. Ita ce mai girki, ita ce mai sa ido.

Cikin ɗan shekara 75 ba irin na saurayi ba ne. Garkuwar jikinsa ta yi rauni, gudawar yini guda na iya ƙarar masa da ruwan jiki har ta taɓa ƙoda. Abin da jika zai ci ya fice wasa, shi zai kwantar da kaka.

Mu dubi ɗumame. Tuwo da miyar kuka sun kwana cikin zafin bazara, da safe a aza a wuta, da sun ɗan yi ɗumi a sauke, wai kada Baba ya ƙone baki. Nan kuskuren yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba sanyi ba wuta. In dole ya kwana, to miya ta tafasa sosai, tuwo ya yi tururi har cikinsa, sannan a bari ya huce a rufe. Haka kunun da dangi ke kai wa majinyaci a Babban Asibitin Kankiya: in ya yini a kwano, a haƙura da shi. Na san zubar da abinci akwai ciwo a wannan tsadar. Sai a riƙa dafa daidai cikinsa.

Sai randa. Moɗa ɗaya kowa ke sha da ita, yaro ya yar a ƙasa, a ɗauka a sake tsomawa. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kashe sama da mutum 3,000 a Najeriya, Katsina na cikin jihohin da suka fi jin jiki, kuma ta ruwa da abinci cutar ke bi. A ware moɗar ɗiba, a rataye ta, a tafasa ruwan shan tsoho. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama kada ta taɓa salak sai an wanke ta da sabulu, hannu ma haka.

In gudawa ta kama tsoho, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a kai shi asibiti tun da rana, kada a jira gobe.