Tsohuwar Mota a Abuja: Aikin Mai Ita Kafin a Kai Ta Apo

Duk wanda ya ratsa Ƙauyen Makanikai na Apo da hantsi zai ga motoci jere, bonet a ɗage, yaran gareji kwance a ƙarƙashinsu. Camry ne, Corolla ne, Honda Accord ne, ga Golf, ga Peugeot 406 da har yanzu ma'aikatan gwamnati ba su rabu da ita ba. Yawancinsu sun yi shekara goma ko fiye a titunan Amurka ko Turai kafin su hau jirgin ruwa, su sauka a Legas ko Kwatano da sunan Beljiyam. Akasarin abin da ke kawo su Apo kuwa ba tsufa ba ne. Zafi ne da gurɓataccen baƙin mai, abubuwa biyu da mai mota zai iya tarewa a ƙofar gidansa.

Sauya mota yanzu sai mai hali. A watan Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu. A ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta tsallake 1,000 a Abuja. Darajar naira ta faɗi, kuɗin kwastam da na kayan gyara suka bi sama. Ma'aikacin da ke tasowa daga Mararaba ko Kubwa zuwa sakatariya ba shi da zaɓi face ya lallaɓa wadda yake da ita.

Hanyar ma ba ta raga wa inji. Motar da ke rarrafe a cunkoson Nyanya zuwa AYA safe da yamma injinta na aiki, amma iska ba ta bugun lagireto, kuma mitar kilomita ba ta ƙirga wannan wahalar. Kamfanonin ƙera motoci da kansu sun sanya tuƙin cunkoso da ƙura da zafi a cikin yanayi mai tsanani, wanda ke buƙatar a riƙa juye baƙin mai da wuri. Abuja ta haɗa ukun: ƙurar hunturu daga Nuwamba, zafin Maris, cunkoso kuwa ba shi da wata.

Duba baƙin mai ba ya cin minti biyu. Da safe, mota na tsaye a waje mai daidai, a zare sandar awo, a goge, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Idan ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa, wataƙila gasket ya ƙone, kuma kada a tayar da motar. Sai batun kauri. An saba a gareji a zuba wa kowace mota 20W-50, wai ƙasarmu da zafi, alhali Corolla da Accord na shekarun 2000 an ƙera su ne don mai sirara irin 5W-30 ko 5W-20, kuma galibi an rubuta lambar a kan murfin da ake zuba man. Mai kauri yakan yi nawa wajen isa saman inji a lokacin tayarwa, daidai lokacin da ƙarafuna suka fi cin juna. Jabun mai kuma ya yi yawa a kasuwa, don haka galan da aka saya a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani ya fi wanda aka miƙa wa yaro kuɗi ya sayo.

Wurin da aka fi zaluntar tsofaffin motoci shi ne ɓangaren sanyaya inji. Da mota ta sauka, wasu makanikai kan cire mata tamostat su jefar, su haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa, su ce an yi tamostat ne don ƙasar sanyi. Wannan kuskure ne. Tamostat ƙofa ce da ke riƙe ruwa har inji ya kai zafin da yake aiki da kyau, wajen digiri 90, sannan ta buɗe. In babu ita, kwamfutar motar za ta daɗe tana ganin inji da sanyi, ta yi ta ƙara fetur. A wannan zamani na tsadar mai, mutum ya biya kuɗi a ƙara wa motarsa shan mai abin mamaki ne. Haka ma zuba ruwan famfo ko na leda zalla: yana kawo tsatsa da dasashi a cikin lagireto. Ruwan sanyaya inji na gaske, kore ko ja, yana hana tsatsa, yana kuma jure zafi fiye da ruwa. Murfin lagireto shi ma yana da aiki, domin matsin da yake riƙewa ne ke hana ruwan tafasa a digiri 100. Ba a buɗe shi inji da zafi.

Matatar iska aikin gida ce: a ɓalle maƙalai, a ɗaga ta a rana, in haske bai ratsa ba a sauya, musamman bayan hunturu. Farin garin da ke taruwa a kan batir ruwan ɗumi da tsohon buroshi sun ishe shi.

Taya tana ɗauke da shekarunta a jikinta. A gefe, bayan haruffan DOT, akwai lambobi huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar Beljiyam na iya zuwa da zane mai kyau alhali robar ta bushe, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana jan kunne a kan irin waɗannan. Yawan iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35, amma mai faci, in ba a ce masa komai ba, sau da yawa yakan zarce. Masu Honda Accord kuma su kasa kunne ga ƙarar ƙafar gaba, don ba a Abuja kaɗai aka saba ganin ta durƙushe a tsakiyar titi, taya ta karkace, bayan boljoyin ya fice ba.

Akwai kuma 'yar na'urar da ta rage wa masu mota zaman duhu. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari. A soka na'urar, a haɗa da waya, sai ta faɗi dalilin da wutar gargaɗin inji ta kama. Ba za ta yi gyara ba, amma mai motar da ya isa gareji da lambar matsala a hannu ba a cika sa shi sayen filogi da nozul da famfon mai ɗaya bayan ɗaya ana lalube ba.

Sai dai aikin gida yana da iyaka. Bel ɗin tayimin na 406 da Golf da tsohuwar Camry, giya mai sarrafa kanta, bututun birki da jakar iska, duk na ƙwararru ne. Mayar da mota mai amfani da gas na CNG ma sai a cibiyar da aka amince da ita: a Oktoban 2024 wata tukunyar gas da aka ƙera a wajen walda ta fashe a wani gidan mai a birnin Benin, ta jikkata mutane. Kuma ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai.

In tafiya Apo ko Gudu ko Zuba ta zama dole, mai mota ya tsaya a kan aikinsa, ya karɓi tsohon kayan da aka cire, ya kuma sa ido kan tukunyar salansa da ake kira indomi, wadda ake sacewa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Ya ajiye ƙaramin littafi a aljihun mota, ya rubuta kwanan wata da kilomita da abin da aka sauya, ko da makanikin ɗan'uwansa ne.