YADDA AKE GANE ITACE MAI ƘANSHI A DAJI

Sau da yawa manomi ko makiyayi a ƙasar Daura yakan ji ƙanshi a daji, ya tarar da itacen da bai sani ba. Waɗansu sukan ɓare shi nan take, su jiƙa su sha. Wannan ganganci ne, gama ƙanshi ba shi ne shaidar magani ba. Kafin ka taɓa itace, duba abu huɗu: ɓawonsa, ganyensa, furensa, da irin ƙasar da ya tsiro a kai.

Hano. Waɗansu suna ce da shi ararrabi. Ya fi son wuraren duwatsu da tsakuwa. Ɓawonsa fari-fari ne, yana saɓulewa kamar takarda. Da rani yakan zubar da ganye sarai, sa'an nan ya fid da ƙananan furanni farare masu ƙanshi. Idan aka tsaga jikinsa sai ƙaro ya fito, wanda ake turara ɗaki da shi. Ɗan'uwa ne ga itacen lubban na Somaliya da Oman. Masana sun sa masa suna Boswellia dalzielii saboda Likita Dalziel, wanda ya tattara sunayen itatuwan ƙasar Hausa cikin littafi a 1916.

Dashi. Shi ma yana da ƙaro mai ƙanshi, amma gajere ne, bakin rassansa ƙaya ne, ganyensa kuwa uku-uku ne. Da shi ake shingen gona.

Turare. Wannan baƙo ne, asalinsa daga Ostareliya. An dasa shi da yawa a arewa domin tare iska da rairayi. Dogo ne miƙaƙƙe, ganyensa siriri kamar wuƙa. In ka murza ganyen za ka ji ƙanshin man zafi. Man da ake tatsa daga gare shi guba ne idan aka sha, balle ga yara. Yana da shan ruwa ƙwarai, saboda haka kada a dasa shi kusa da rijiya.

Abin lura game da hano shi ne, masu neman magani suna ɓare shi ba tausayi. Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. To, idan aka kewaye gindin da ɓara, saiwa ta rasa abinci, itacen ya mutu ke nan. Ƙasarmu kuwa, daga Mai'aduwa har Zango da Ɓaure, tana bakin iyaka ne, inda kowane itace garkuwa ne daga hamada. Wanda ke bukatar hano ya yanki reshe ya kafa a gefen gonarsa gab da damina, gama yana kamawa.

In itacen bai yi kama da ko ɗaya cikin waɗannan ba, ka tsinko ganye da fure da ɗansa, ka nuna wa dattawan gari ko malamin daji. Mai tambaya ba ya ɓata.