Yadda Ake Daidaita Fitilar Gaban Babur: Jan Hankali Ga Jama'ar Gwiwa Da Kewaye

Kamar yadda jama'a suka sani, babur shi ne abin hawan da aka fi dogara da shi a Ƙaramar Hukumar Gwiwa da maƙwabtanta irin su Roni da Kazaure, har zuwa Babura. Da shi manomi yake kai amfanin gona kasuwa, da shi ake ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti cikin dare. Sai dai yawancin hanyoyin da suka haɗa ƙauyukanmu ba su da fitilun titi, ga amalanke da dabbobi da masu tafiya a ƙasa waɗanda ba sa ɗauke da wani haske. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani a kan saitin fitilar gaba, musamman ta ƙananan babura irin su Vespa da waɗanda ake kira roba-roba.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, inda fitila take haskawa ya fi ƙarfin haskenta muhimmanci. Babur mai gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Idan fitila ta sunkuya ƙasa da yawa, mahayi ba zai hango rami ko saniya ba sai ya zo gab da su. Idan kuma ta ɗaga sama, hasken zai bar hanya ya shiga idon mai tahowa, kuma a lokacin hunturu ya bugi hazo ya dawo wa mahayin da kansa. Tun daga ranar 2 ga Afrilu, 1972 ake tuƙi a hannun dama a Nijeriya, don haka fitilar da ta karkata hagu tana kashe idon duk wanda ake gamuwa da shi.

Kafin a taɓa kowane sukuru, wajibi ne a fara gano musabbabin matsalar. Da farko a duba iskar tayoyi, domin tayar baya mai ƙarancin iska tana sa gaban babur ya ɗaga. Haka abin yake idan shokin baya ya mutu, ko aka ɗora buhun gero da fasinja a lokaci guda. Na biyu, a buɗe fitilar a ga ko ƙwan ya zauna daidai a mazauninsa, domin yana da ɗan kunne da yake shiga wani gurbi, kuma idan ya kauce babu saitin da zai gyara hasken. Na uku, a duba maƙalar fitilar ko ta karye ko ta lanƙwashe, wanda yakan faru bayan faɗuwa. Idan hasken ya karkata gefe guda alhali tayar gaba tana miƙe, to mai yiwuwa kan babur ɗin ne ya murɗe, wannan kuwa aikin bakanike ne.

Bayan an tabbatar da waɗannan, sai a zo ga awo. A nemi wuri shimfiɗaɗɗe gaban bango bayan magariba, a tsayar da babur ya fuskanci bangon, tazarar mita 5 tsakaninsa da gilashin fitila. Mai babur ya hau ya zauna kamar yadda yake tuƙi, tayoyi biyu suna ƙasa, kada a ɗora shi a kan jak. Wani ya auna tsawo daga ƙasa zuwa tsakiyar fitilar, ya ja layi da alli ko gawayi a jikin bango daidai wannan tsawo, sannan ya ja layi na biyu santimita 5 zuwa 7 ƙasa da na farko. Sai a tayar da inji a kunna hasken kusa, wanda direbobi suke kira dim. Iyakar hasken daga sama ya kamata ta tsaya a kan layi na biyu.

Idan ba ta tsaya nan ba, sai a saita. A yawancin ƙananan babura akwai sukuru ko noti ɗaya a ƙarƙashin fitilar, wanda ake sassautawa ko a juya har hasken ya hau ko ya sauka. A manyan babura irin su Boxer kuwa, notuna biyu ne a gefe da gefe: a sassauta su, a karkata fitilar da hannu, a ɗaure sosai. Daga nan a kunna hasken nesa, wato ful, a tabbatar tsakiyarsa tana kusa da layi na farko. Wanda ya saba ɗaukar fasinja, kamar ɗan acaɓa, ya maimaita awon da mutum a bayansa.

Bugu da ƙari, muna jan hankalin masu sanya fararen ƙwayaye masu tsananin haske a cikin fitilar da ba don su aka ƙera ta ba. Kwanon da yake bayan ƙwai an tsara shi ne ya tattara haske daga wuri guda, idan aka sauya nau'in ƙwan sai hasken ya watse ba shi da iyaka. Ya fi kyau a nemi irin wanda kamfani ya rubuta, kuma kada a taɓa gilashin ƙwan halojin da yatsa, domin maiƙon hannu yana rage masa kwana. Fitilar da take dushewa kuwa, a duba batir da wayoyinta da kuma ƙurar da ta rufe gilashi.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, tana ɗaukar tuƙi da fitila mara kyau a matsayin laifi. To amma tun kafin a kai ga hukunci, muna kira ga masu unguwanni da shugabannin 'yan acaɓa da bakanikai da su yaɗa wannan bayani, a kuma riƙa maimaita awon duk lokacin da aka sauya ƙwai ko babur ya faɗi. Allah Ya kiyaye hanya, amin.