Resibar Tauraron Ɗan'adam da Lissafin Tayi a Gwanjon Intanet

Wannan bayani zai duba na'urar da masu saitin dish ke kira resiba ko dikoda, wato akwatin da ke karɓar saƙon da kwanon dish ya tattaro daga tauraron ɗan'adam ya mayar da shi hoto da murya, sannan ya bi yadda farashinta ke tashi idan aka kai ta gwanjon intanet. Maganar ta shafi masu sha'awar farautar tashoshin kyauta ne, mutanen da kan ƙarar da yammaci guda a kan rufin ɗaki suna gusa kwano da faɗin yatsa, yayin da wani ke ƙasa yana kallon ma'aunin sigina yana kiran lambobi.

Zaɓen resiba daga sama yake farawa. Taurarin talabijin suna jere a da'ira ɗaya mai nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa, kuma da yake tafiyarsu ta yi daidai da juyawar duniya, daga ƙasa ana ganin kowanne tamkar a tsaye yake wuri ɗaya: Nilesat a digiri 7 yamma, Badr na kamfanin Arabsat a digiri 26 gabas, NigComSat-1R na Najeriya, wanda aka harba a Disambar 2011, a digiri 42.5 gabas. Kowane tauraro yankin da aka nufa da shi yake haskawa, don haka mazaunin Kano ko Damagaram da ke neman tashoshin da aka yi wa ƙasashen Larabawa yakan buƙaci babban kwano, kuma tsadar resiba ba ta cike gurbin ƙanƙantar kwano.

Bayan kwano sai ƙa'idar da saƙon ke zuwa a cikinta. Tsohuwar ita ce DVB-S, an fito da DVB-S2 a 2005, sai DVB-S2X a 2014, kuma na'urar da ta san tsohuwar kaɗai ba za ta ma gane akwai tashar da ke kan sabuwar ba. Haka nan dabarar matse hoto don ya ci ƙaramin wuri ta tashi daga MPEG-2 zuwa H.264, sannan H.265 ta 2013. Idan resiba ta kama tasha, murya tana fita amma allo baƙi ƙirin, sau da yawa a nan matsalar take. Mai farauta na gaske yana kuma duba ko na'urar tana iya lalubo tashoshi da kanta ba tare da an shigar mata da lambobi ba, domin ta haka ake gano sababbin tashoshi kafin kowa ya rubuta su. Akwai kuma tsarin DiSEqC na kamfanin Eutelsat, wanda ta wayar sigina ɗin nan guda resiba ke ba da umarni: samfurin 1.0 yana sauya tsakanin taurari 4, na 1.1 yana kaiwa 16, na 1.2 kuwa yana juya kwano mai inji.

A kasuwanni irin su Alaba ta Legas sunan Strong ne ya fi shiga baki, amma a wurin masu zurfafa sha'awa a Turai Dreambox ta Jamus da Vu+ ta Koriya ta Kudu ne suka yi fice, saboda suna aiki da manhajar Linux da mai ita ke iya sauyawa yadda yake so. Shaharar ce ta jawo jabu masu yawa, kuma ita ce ke sa har yau ake taya tsohuwar DM500S, alhali ba ta san DVB-S2 ba. Abin takaici ne mutum ya biya kuɗin suna ya karɓi akwatin da tashoshi suka riga suka wuce shi.

Gwanjon intanet kuwa ya bambanta da cinikin da Bahaushe ya saba, inda mai saye ke tayawa, mai kaya ya ce albarka, har a kai ga sallamawa. A eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, mai tayi yana rubuta iyakar abin da zai iya biya ne, kwamfuta ta ɓoye wannan adadi, sannan ta riƙa tayawa a madadinsa kamar dillali, ba ta ƙara komai sai ɗan abin da zai sa ya ci gaba da rinjaye. A misali, idan wani ya sa iyakarsa dala 80, wani kuma ya zo ya taya dala 50, allon zai nuna dala 51, kuma in ba wanda ya ƙara, na farkon dala 51 zai biya. Saboda haka adadin da ke allo ƙarfin mai bi wa na gaba yake nunawa, ƙarfin na gaban kuwa a ɓoye yake. Wannan ya yi kusa da tsarin da masanin tattalin arziki William Vickrey ya fayyace a 1961, inda wanda ya fi tayi ke biyan farashin na biyu, kuma hikimarsa ita ce mutum ba ya cutuwa idan ya faɗi ainihin darajar kayan a wurinsa sau ɗaya ya tsaya a kai.

Da yake gwanjon eBay yana rufewa a ƙayyadadden lokaci, gogaggun masu saye sukan yi shiru sai daƙiƙun ƙarshe, al'adar da Alvin Roth da Axel Ockenfels suka yi nazarinta a 2002. Shi ya sa resibar da ta kwana shida a dala 20 ke iya ninka kuɗinta a minti guda, kuma a wannan mintin ne zuciya ke ɗebe mutum ya wuce iyakar da ya ɗora wa kansa don kada a kayar da shi. Wani lokaci ma mai kaya yana da ɓoyayyen farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, ko kuma yana da ɗan kore da ke tayawa da ƙarya, abin da dokar dandalin ta haramta.

Ma'aunin da ya fi aminci shi ne jerin kayan da aka riga aka sayar, domin farashin da mai kaya ya ambata buri ne kawai. Daga wannan adadi mai saye a Najeriya ko Nijar zai cire kuɗin dako, da kuɗin fito, da asarar canji, abin da ya rage shi ne iyakar tayinsa. Kafin ya rubuta ta, ya kamata ya duba ko na'urar ta wutar Amurka ce mai ƙarfin volt 120 kaɗai, wadda wutar volt 230 za ta ƙone, ya tabbatar ba a ɗaure take da wani kamfanin biyan kuɗin wata ba, ya ga ko da rimot ɗinta za ta zo, sannan ya nemi mai kaya ya turo hotonta a kunne, shafin bayanan samfurinta yana bayyane a allon talabijin.